Sharhi: Ruwan da ke kwance cikin kwale-kwale, lodin da babu mai ƙirga shi

Ranar Lahadi 17 ga Agustan 2025, wani kwale-kwale da ya ɗauko mutum fiye da 50 zuwa kasuwar Goronyo a jihar Sakkwato ya kife a tsakiyar ruwa. A rahotonta na farko, hukumar ba da agajin gaggawa ta Najeriya, NEMA, ta ce an ceto mutum 10 ana kuma neman fiye da 40. Daga Malbaza zuwa Goronyo, in aka miƙe, tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, kuma jama'ar ɓangarorin biyu kasuwa ɗaya suke ci, aure ɗaya suke yi.

Duk lokacin da irin wannan ya faru, dalilai uku ake jerowa: lodi ya yi yawa, babu rigunan kariya, jirgin ya tsufa. Babu ƙarya a ciki. Sai dai duk wanda ya taɓa shiga jirgin fito a ƙasar Hausa ya san wani abu na huɗu da ba kasafai yake shiga rahoto ba, wato ruwan da ke kwance a ƙarƙashin ƙafafun fasinjoji tun kafin jirgi ya bar gaɓa. Mutane kan ɗage wando, mata su tattare zani, a ɗora kaya kan cinya, a ci gaba da hira. An saba da shi har an daina ganinsa.

Wannan ruwan lodi ne, kuma shi ne lodin da ya fi kowane haɗari, domin yana da nauyi, yana motsi, yana kuma ɓoye ɓarakar da ke jikin jirgi. Daga cikin dukkan dalilan da ke kifar da jirage, shi ne wanda maganinsa ya fi araha, shi ne kuma wanda fasinja zai iya tantancewa da idonsa ba sai ya jira jami'i ba.

Me ya haɗa Malbaza da kwale-kwale?

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan garin siminti da albasa da batun jirgin ruwa? An san Malbaza da kamfanin simintin da ke can tun shekarun 1960, an san Galmi da albasarta, ba a san yankin da babban kogi ba. Amma kwarin Maggiya ya ratsa shi, ya bi ta Ƙonni ya ƙare a tafkin Kalmalo da ke ƙaramar hukumar Illela ta Najeriya. A kan Maggiya aka gina madatsun Mozage da Zango masu shayar da gandun noman rani na Ƙonni. Gaba kaɗan a cikin jihar Tahoua akwai tafkin Ɗan Dutsi da na Tabalak, waɗanda aka sanya cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na duniya a 2005, kuma a dukkansu masunta na aiki da ƙananan jirage.

Bayan haka akwai damina. A 2024 ambaliya ta kashe mutum kusan 400 a Nijar, ta kuma shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi, kamar yadda alƙaluman gwamnati suka nuna. A watan Agustan shekarar ruwa ya yanke babbar hanya ta ɗaya a kusa da Yamai, hanyar da ita ce ke wucewa ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni da Malbaza, har sai da matafiya suka koma ƙetarawa da kwale-kwale. A ƙauyuka kuwa, duk ƙoramar da ta kawo tana raba manomi da gonarsa, mai haƙuri da asibiti, ɗan kasuwa da kasuwa, kuma abin da aka samu mai yawo a kan ruwa shi ake hawa.

Na uku shi ne tafiya. Jihar Tahoua na cikin yankunan Nijar da matasansu suka fi fita bida. Lokacin da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville bayan juyin mulkin Yulin 2023, ya zama dole mai zuwa Kwatano ko Lome ko Abijan ta wannan hanya ya sauka daga mota ya ƙetare kogin Kwara a jirgi, shi da kayansa. Yaron da ya tashi a Dogarawa ko Gidan Idar bai taɓa koyon iyo ba, yau ga shi a tsakiyar kogi. Wannan yanki na kogin kuma yana da tarihi: a Satumbar 2017 jirgin da ya taso daga Gaya da 'yan kasuwa zuwa Lolo a jihar Kebbi ya nitse, mutum fiye da 30 suka mutu, sannan a Fabrairun 2019 wani ya kife a kusa da Sambera a jihar Doso, fiye da 40 suka ɓace.

Wani abin da ya kamata a lura da shi shi ne, jirgin da ke wurin da ruwa ke zuwa ya tafi ya fi na babban kogi yoyo. Katako na shan ruwa ya kumbura, in ya bushe ya tsuke. Jirgin da ya shafe watanni bakwai ko takwas a kife a kan tudu cikin zafin bazara, haɗin katakansa kan buɗe, kwaltar da aka liƙe shi da ita ta tsattsage. Ranar da ruwa ya kawo, ranar ake fi buƙatarsa, ranar ce kuma ya fi kowane lokaci shan ruwa. Sau da yawa shi ma mai tuƙin na damina ne, da rani wata sana'ar yake yi.

Lissafin da kowa zai iya yi

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. A ɗauki jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi, tsawonsa mita 10, faɗinsa mita ɗaya da rabi. Idan ruwan da ke cikinsa ya kai santimita 10, wato iya idon sawu, an samu lita 1,500 ke nan. Nauyin buhun siminti 30 ne masu kilo 50, ko na mutum 25 masu kilo 60. Ko da an rage rabi saboda jirgi na tsukewa ta goshi da ta baya, sauran buhu 15 ne. Babu matuƙin da zai yarda a ɗora masa buhun siminti 15 kyauta a kan cikakken lodi, amma kullum ana ɗaukar kwatankwacinsa a ruwa.

Wannan nauyi yana cin abin da ya fi komai daraja a jirgi, wato tazarar da ke tsakanin bakinsa da saman ruwa. A jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi, kusan duk santimita ɗaya da ruwa ya ƙaru a ciki, jirgin zai ƙara nitsewa da santimita ɗaya. In da ma tazarar da lodi ya bari ba ta wuce santimita 20 ba, ruwan idon sawu ya cinye rabinta. Igiyar ruwan da a da za ta bugi gefen jirgi ta koma, yanzu ciki za ta faɗa, ta ƙara nauyi, jirgin ya ƙara sauka, ta gaba ta fi samun hanya.

Abu na biyu ya fi nauyin muni. Buhu yana zama inda aka ajiye shi, ruwa kuwa gangara yake bi. Da jirgi ya ɗan karkata, ko don iska, ko don wani ya miƙe tsaye, ko don matuƙi ya karya kwana, sai ruwan cikin duka ya kwarara ɓangaren da ya yi ƙasa, ya danne shi, maimakon jirgin ya dawo daidai. Duk macen da ta taɓa ɗauko ruwa a faffaɗan daro ta san bambancinsa da jarka, shi ya sa ake jefa ganye ko ƙoƙo a saman ruwan don ya rage tangaɗi. Injiniyoyin jirage sun daɗe da auna wannan: illar na ƙaruwa ne da faɗin wurin da ruwan ke yawo, ta yadda in faɗin ya ninka sau biyu, illar kan ninka sau takwas. Ma'ana, ruwa marar zurfi da ya bazu a faɗin jirgi ya fi mai zurfi da aka tsare a lungu ɗaya haɗari.

Sai kuma ɗabi'ar ɗan Adam. In jirgi ya karkata, mutane kan zabura, wasu su miƙe, wasu su ruga ɗaya ɓangaren. Ruwan ciki sai ya bi su, ya haɗu da nauyinsu, jirgin ya kife ta inda ba a zata ba.

Abu na uku shi ne saurin shigar ruwa. Huda mai faɗin santimita biyu da rabi, in tana santimita 30 ƙarƙashin ruwa, tana shigo da kimanin lita 40 a minti ɗaya, wato jarka biyu. Mai kwarfa da bokitin lita 10 sai ya zubar da bokiti huɗu duk minti ba hutawa kafin ya yi kunnen doki da ita. Kuma yadda jirgi ke ƙara sauka, haka ruwan ke ƙara ƙarfin shigowa. Ƙetarawar minti 20 da irin wannan huda, in ba a kwarfa, lita 800 ce.

Manyan jirage ma ba su tsira ba

Kada a ɗauka wannan matsalar jirgin katako ce kawai. A daren 2 zuwa 3 ga Fabrairun 2006, jirgin Al-Salam Boccaccio 98 ya taso daga Duba a Saudiyya zuwa Safaga a Masar ɗauke da mutum kusan 1,400, galibinsu ma'aikata 'yan ci-rani masu komawa gida. Gobara ta tashi a ciki, ma'aikata suka yi ta feshin ruwa don kashe ta, magudanan da ya kamata su fitar da ruwan kuma suka toshe. Ruwan ya taru a benen ajiye motoci, jirgin ya karkata, ya kife a Bahar Maliya. Mutum fiye da 1,000 suka mutu.

Kafin nan, ranar 6 ga Maris na 1987, jirgin Herald of Free Enterprise ya bar tashar Zeebrugge ta Beljiyam zuwa Ingila ba a rufe ƙofarsa ta gaba ba. Ruwa ya shiga ya bazu a faɗin benen motoci, jirgin ya kwanta cikin ƙasa da minti biyu, mutum 193 suka rasu. Jirage ne na ƙarfe masu injiniyoyi da takardun izini, amma abin da ya kayar da su shi ne abin da ke kayar da kwale-kwale a gulbin Rima.

Masu bin hanyar Libiya su ma sun san zancen. Yawancin matasan Tahoua da ke zuwa can aiki suke yi su dawo, amma akwai masu gwada ƙetara Bahar Rum, inda hukumar kula da ƙaura ta duniya IOM ta ƙirga mutum fiye da 3,000 da suka mutu ko suka ɓace a 2023 kaɗai. A jiragen robar da ake cusa su ciki, ruwan gishiri na haɗuwa da fetur ɗin da ya zube ya taru a tsakiya, inda aka fi zaunar da mata da yara. Likitocin ƙungiyar MSF sun sha bayar da rahoton munanan ƙunar fata da wannan haɗin ke yi wa waɗanda aka ceto.

Ragowar da bokiti ba ya ɗauka

Matuƙa da yawa za su ce ai suna kwarfa, kuma gaskiya ne. Da wuya ka ga jirgin fito babu yankakkiyar jarka ko ƙwarya a ciki. Matsalar ita ce inda ake tsayawa. Ana kwarfa ne har ruwan ya daina damun fasinja, sai a bar ragowar da bokiti ba ya iya ɗauka, wadda ke kwance tsakanin katakan da suka gitta gindin jirgi, haɗe da laka da ɓawon rake da ledar ruwa.

Babbar illar wannan ragowa ita ce tana kashe ma'auni. Jirgin da aka tsane shi ƙaf da tsumma ko soso, da ɗigo ya shigo za a gan shi, a san ta wane haɗi ya biyo, a kuma san yawan da ke shiga cikin sa'a ɗaya. Jirgin da kullum akwai ruwa a cikinsa kuwa, babu mai iya bambance ruwan jiya da na yanzu. Ɓarakar da ta fara buɗewa da safe ba za a ankara da ita ba sai ta kai matsayin da kwarfa ba ta riƙe ta, kuma sau da yawa a tsakiyar ruwa hakan ke bayyana.

Sannan tana cin jirgin da kansa. Ruɓewar katako ta fi sauri a inda yake jiƙewa yana shan iska a lokaci guda, wato daidai layin da ruwan ciki ke hawa yana sauka, kuma ruwan daɗi ya fi na gishiri saurin ruɓar da itace. Ƙusoshi na tsatsa, raminsu na faɗaɗa, laka na rufe wurin. Katakon da ka gani lafiya daga waje, ta ciki ana iya tura masa tsinken wuƙa ya shige. Irin wannan jirgi ne ke darewa in ya bugi kututture, alhali mai ƙwari zai iya tsagewa kawai ya kai gaɓa.

Akwai kuma ƙananan illoli da ke taruwa. A jirgi mai inji, fetur da baƙin mai na yawo a saman ragowar ruwan, suna sa santsi, suna kuma jiran tartsatsin wuta. Buhun gero ko na albasa da aka ajiye a kai na shan ruwa ya ƙara nauyi ya lalace. Jirgin da aka ɗaure a mashaya da ruwa a ciki kwana da kwanaki kuma, matattarar sauro ce a bakin gari.

Masu sana'ar na da hujja guda da ya dace a saurara. Sukan ce jirgin katako ba ya son bushewa, in ya bushe ne yake yoyo. Haka ne, shi ya sa gogaggun masunta ke jiƙa jirgi na 'yan kwanaki kafin su fara aiki da shi, don katakan su kumbura su rufe haɗin. Amma wannan aiki ne na bakin gaɓa, babu fasinja a ciki. Da zarar jirgi ya kumbura yana kan ruwa, danshin da yake samu ta waje ya ishe shi. Wanda har bayan jiƙo ruwa bai daina taruwa a cikinsa ba, gyara yake nema.

Me ya sa ake barin ruwan?

Amsar tana cikin yadda kuɗin fito ke shigowa. Ana biya ne bisa kai da bisa kaya, don haka duk tafin hannu na cikin jirgi kuɗi ne. Wurin da ya fi zurfi, inda ruwa ke taruwa kuma inda ya kamata mai kwarfa ya zauna da sararin lilo da hannu, nan ne ya fi daɗin ajiye babur ko buhu. Da an cika shi, ko an ga ruwa na hawa babu ta inda za a kai gare shi. Yaron da zai zauna yana kwarfa kuma ya cinye gurbin fasinja ɗaya, sannan sai an sallame shi.

Lokaci ma kuɗi ne. Ranar kasuwa, minti goman da za a ɓata ana tsane jirgi tsakanin sawu da sawu, wani jirgin ya kwashe fasinjojin. Inda mai jirgi daban matuƙi daban, matuƙin na da abin da zai kai wa maigida da yamma, ruɓewar katako kuma ba daga aljihunsa za ta fita ba. Wanda ya tsaya gyara shi ke asara, wanda ya yi ganganci shi ke samu, har ranar da tulu zai fashe.

Fasinjoji na da nasu kason. Mutum ya ga ruwa har idon sawu amma ya ji nauyin magana, kada a ce matsoraci ne, ko kada dare ya yi masa a wannan gaɓar. In abu ya faru a ce ƙaddara ce, a yi jana'iza, mako na zagayowa a koma shiga jirgi ɗaya. Yarda da ƙaddara ba ta taɓa hana manomi yin shinge ba, bai kamata ta hana tambayar matuƙi dalilin ruwan da ke cikin jirginsa ba.

Ina gwamnatoci suka dosa?

A Najeriya, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida NIWA, mai hedikwata a Lokoja, tana da dokokin sufurin ruwa na 2023 da suka haramta lodi fiye da ƙima da tafiyar dare, suka kuma wajabta rigar kariya. A 2025 ministan harkokin teku Adegboyega Oyetola ya ƙaddamar da rabon riguna 42,000 ga jihohi 12, ya kuma yi kira da a daina amfani da jiragen katako a koma na zamani. A Nijar, jami'an gandun daji da ruwa ne ke kula da kamun kifi a tafkuna, mashigai kuma galibi suna hannun ƙananan hukumomi da sarakunan ruwa.

Riga tana ceton rai, babu mai musun haka, musamman ga yara da mata waɗanda su suka fi mutuwa. A Gidan Magana ta ƙaramar hukumar Shagari mutum 29 suka rasu a Afrilun 2022. A Dandeji, duk a Shagari, yara 15 suka rasu a Mayun 2023 a hanyarsu ta zuwa itace. A Bagwai ta jihar Kano, akasarin waɗanda suka mutu a madatsar Watari ranar 30 ga Nuwamban 2021 ɗaliban Islamiyya ne masu zuwa Mauludi. Amma riga tana fara aiki ne bayan jirgi ya riga ya kife. Kuma riguna 42,000 a ƙasar da miliyoyin mutane ke hawa ruwa, ba za su kai kowace mashaya ba.

Batun sauya jiragen katako kuma zai ɗauki shekaru da kuɗi masu yawa, sannan sabon jirgi ma ruwa na shiga cikinsa, ta sama in ana ruwan sama ko igiya, ta ƙasa in ya tsage. Wasu jiragen roba masu ƙarfi na da rufi biyu, ruwa kan taru a tsakani inda ido ba ya gani, sai dai a ji jirgi ya yi nauyi. In aka kawo sabon jirgi aka bar tsohuwar ɗabi'a, an rage matsalar ne kawai.

Dole kuma a faɗi iyakar wannan magana. Jirgin da ya nitse a kusa da Wara ta jihar Kebbi a Mayun 2021 da mutum fiye da 150, ko na Patigi a jihar Kwara da ya kashe fiye da 100 a Yunin 2023 suna dawowa daga biki, babu ƙwaryar da za ta cece su a lokacin da suka dare. Tsane jirgi ba ya maye gurbin rage lodi, ko cire kututture daga hanyar ruwa, ko gina gada inda ta kamata. Amfaninsa shi ne yana ba jirgi ragowar ƙarfin jure kuskure ɗaya, yana kuma tona asirin jirgin da bai kamata ya ɗauki mutane ba tun yana bakin gaɓa.

Abin da za a iya yi kafin damina

Gwajin da ya fi sauƙi ba ya buƙatar na'ura. A tsane jirgi ƙaf, a bar shi a kan ruwa na sa'a ɗaya babu kowa a ciki, a dawo a auna abin da ya shiga da bokiti. A maimaita bayan an ɗora masa kaya, domin haɗin da ke sama ba ya taɓa ruwa sai jirgi ya yi nauyi, kuma shi ya fi bushewa ya buɗe. Sarkin ruwa ko wakilin ƙaramar hukuma na iya yin wannan ga kowane jirgin fito a farkon damina, a kuma shafa fenti a gefen jirgin a matsayin layin da ruwa ba zai wuce ba in an gama lodi.

A cikin jirgi, a ware gurbi ɗaya a wuri mafi zurfi wanda ba a ɗora masa komai, a ajiye abin kwarfa biyu ɗaure da igiya don kada su bi ruwa, da tsumma ko soso na tsane ragowa. A buɗe 'yan ƙananan hanyoyi a ƙarƙashin katakan da suka gitta don ruwan kowane sashe ya gangaro wuri ɗaya, a riƙa share su daga laka da leda. A shimfiɗa katako a ɗaga kaya daga gindin jirgi. A tafi da tsumma da 'yan turaku na itace masu tsini don toshe huda nan take.

Ga manyan jirage masu inji akwai ƙananan famfuna masu aiki da batir mai bolt 12, wasu da abin da ke tayar da su da kansu in ruwa ya hau, kuma a yankin da faifan sola ya zama ruwan dare cajin batir ba matsala ba ne. Sai dai irin wannan famfo kan bar ragowa a ƙasa in ya fara jan iska, shara na toshe shi, batir na mutuwa. Akwai ma haɗarin ya riƙa fitar da ruwa a ɓoye har mai jirgi ya manta cewa ɓaraka na girma. Don haka famfo ƙari ne a kan bokiti da tsumma. Injin ban ruwa da manoman albasa ke da shi kuma ya dace da kwashe jirgin da ya cika a bakin gaɓa, amma kunna shi cikin jirgi mai fasinja da jarkokin fetur wani haɗarin ne na daban.

'Yan bida da ƙungiyoyin 'yan gari da ke Abijan ko Legas ko Turabulus sun saba haɗa kuɗi don rijiya ko ajin makaranta ko gyaran masallaci. Gyaran jirgin fiton garinsu kafin ruwa ya sauka, da katako da kwalta da ƙusa da ladan kafinta da 'yan riguna na yara, bai kai yawancin waɗannan ayyuka tsada ba, kuma iyayensu da ƙannensu ne ke hawansa.

Shi kuwa fasinja, ko a Gaya yake ko a Goronyo ko a bakin Maggiya, abu uku zai duba kafin ya sa ƙafa: ko akwai ruwa kwance a ciki, ko akwai mai kwarfa da sararin da zai yi aiki, da kuma tazarar da ta rage tsakanin bakin jirgi da ruwa bayan an gama lodi. In ruwa ya rufe tafin ƙafa tun jirgi na ɗaure, yana da haƙƙin cewa a kwarfe tukuna, in an ƙi ya jira na gaba. Mutum ɗaya in ya faɗa za a yi masa dariya, amma in biyar suka ƙi shiga, matuƙin da kansa zai ɗauki bokiti.